Ranar Da Na Tsinci Tunkiya A Wales

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, ko da kuwa zan manta lambar gidana. Ranar ce na tsaya a tsakiyar kasuwar wani ɗan gari a Wales, shaddata duk taɓo da kashin tumaki, na ɗaga yatsa na nuna surukina. Ƙwarai kuwa, uban matata. Amma bari in faro muku daga tushe, wataƙila ku ɗan tausaya min kafin ku fara dariyar.

A lokacin muna zaune a wani ɗan flat a unguwar Barking da ke London, ni da matata Sa'adatu da 'yarmu Ilham. Saura 'yan makonni in je ofishin shige da fice na Croydon a ɗauki hoton yatsuna, domin takardar zama ta dindindin. Wanda bai taɓa jiran takardar nan ba, ba zai gane irin zaman ɗar-ɗar da nake yi ba. Lauyana magana ɗaya ya ja min kunne a kai: kada in kuskura sunana ya shiga hannun 'yan sanda, komai ƙanƙantar abin. To, ni kuma na ɗauki maganar nan da zafi fiye da yadda ya faɗe ta. Ko babu mota ko ɗaya a titi, sai fitila ta ba ni hannu nake tsallakawa. In na rasa kwandon da hukumar unguwa ta ce a zuba wata shara, sai in koma da ita ɗaki. Da na ji jiniya a layinmu sai in miƙe in leƙa taga (har Sa'adatu ta taɓa zaunar da ni ta tambaye ni ko akwai abin da na aikata a Kano da ban gaya mata ba).

Ana cikin haka Baba, wato surukin nawa, ya zo daga gida a yi masa aikin ido a wani asibiti a Marylebone. Baba mai unguwa ne a garinsu, dattijo mai ƙarancin magana, ba shi da abin so kamar kiwon raguna. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa gaya min magana marar daɗi ba, amma kuma bai taɓa yaba min ba. "Malam" yake ce min, shi ke nan. Ni kuwa haifaffen Fagge ne, ko kaza ban taɓa kiwatawa ba, kuma na san ya sani. Duk lokacin da ya kalle ni sai in ji kamar yana lissafin yadda aka yi 'yarsa ta ƙare a hannun mutumin da ba zai iya ɗaure akuya ba.

Bayan aikin idon sai zaman ɗaki ya ishe shi. Kullum yana bakin taga da baƙin tabarau, yana kallon bas-bas suna wucewa. Wata rana da yamma ya juyo ya ce, "Malam, wai ƙasar nan ba su da dabba ne sai karnuka?"

Nan na ga ƙofa ta buɗe. Akwai wata abokiyar aikina 'yar Wales da ta sha ba ni labarin garinsu, wai duk Laraba kasuwa ke ci, har da kara inda ake sayar da tumaki. A daren na yi booking ɗin wani ɗan gida a ƙauyen da ke kusa, na ɗauki hayar mota, muka kai Ilham gidan ƙawar Sa'adatu. Sunan garin kuwa kada ku tambaye ni, har yau harshena bai iya juya shi ba.

Tun da muka haye wata doguwar gada muka fara ganin allunan hanya da yare biyu, Baba ya gyara zama. Hanya tana ta tsukewa, shinge ya rufe dama da hagu, sai ga tsaunuka kore shar, tumaki birjik a kansu kamar an shanya auduga. Mutumin da ba ya haɗa jimla biyu a yini, sai ga shi yana zuba. Wai ƙafafunsu sun cika gajarta. Wai balami ɗaya na gidansa zai yi uku a cikinsu. Wai amma ciyawar nan, da za a ba shi ita wata ɗaya kacal, da an ga abin mamaki. Ina tuƙi ina cewa "Haka ne, Baba," kamar na san bambancin balami da uda.

Da safen Laraba na saka shaddata fara sol, wadda na ajiye domin Sallah, saboda ba a rako suruki kasuwa da wandon jeans. Daga ƙauyen zuwa gari sai an bi ta kan wani tsauni. Muka taka wasu ƙarafuna da aka shimfiɗa a titi, mota ta yi karkarwa, daga nan babu shinge babu gida, sai fili da yayyafi. Ina cikin lallaɓawa sai na hango ta: 'yar tunkiya ita kaɗai a bakin titi, tana ta kuka, kafaɗarta ta hagu jajur.

Na taka birki na ce, "Subhanallahi, jini! Mota ta buge ta."

Baba ya leƙa ta cikin baƙin tabaransa, idon da bai gama warkewa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. A garinmu dai, dabbar da aka tsinta gidana ake kawowa, a ɗaure ta a ƙofar gida, a yi ta cigiya har mai ita ya zo."

Jama'a, labari kawai yake bayarwa. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne: ga ranar da za ka nuna kai ma ɗan halak ne. Na riga na tsara komai a kaina. Zan ɗauke ta, in kai ta kara, in nemi shugaban kasuwa, a yi cigiya, mai ita ya zo yana godiya, Baba ya koma gida yana ba da labarina a majalisa.

Sa'adatu daga kujerar baya ta ce, "Abban Ilham, don Allah ka rufa mana asiri ka bar musu abarsu."

Baba ma ya fara cewa, "Amma fa nan ba..." Ban ji ƙarshen maganar ba, domin na riga na rufe ƙofa.

Ashe tunkiyar da mota ta buge tana iya gudu haka? Na bi ta dama ta yi hagu. Na yi mata irin kiran da na ji yara suna yi wa awaki, ta kalle ni ta ƙara gaba. Takalmina ya nutse a taɓo, na zame na zauna daɓas a kan abin da ba sai na faɗa ba. Da ƙyar na ritsa ta a jikin wata tsohuwar katangar dutse na rungume ta, tana harbi ina haki. Can sama a kan tsaunin wata babbar tunkiya tana ta kwarara kuka tana kallonmu. Na gan ta sarai, amma na ce a raina jaje take yi.

Na tura ta a but ɗin mota, na shigo mota ina jiran yabo. Sa'adatu ta kama hannuna da ya yi ja, ta shinshina, ta ce, "Wannan jinin naka warin fenti yake yi."

Na ce, "Ke me kika sani a harkar dabbobi?"

Ba mu yi nisa ba muka sha wata kwana, sai ga tumaki sun kai hamsin suna kiwo a bakin titi, wasu ma a kwance a kan kwalta hankalinsu kwance. Kowace ɗaya da jan tabo a kafaɗar hagu. Kowace ɗaya. Na ce da wata siririyar murya, "Ko dai wani naman daji ne ya faɗa wa garken?"

Sa'adatu ta ce, "Ƙwarai. Mai tsari ne kuwa, duk a kafaɗar hagu ya cije su."

Mai hankali a nan zai tsaya ya buɗe but ya ba tunkiya haƙuri. Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Ina neman inda zan raɓe ke nan na duba madubi, sai na ga wani babur mai ƙafa huɗu ya biyo mu, mutum a kai yana ɗaga hannu, ga kare a tsaye a bayansa. Abin da ya faɗo min a rai shi ne Croydon. Na ga lauyana yana cire tabarau yana dafe goshi. Na ga kaina a filin jirgi da akwatuna, Ilham tana tambayata da Turanci me ya sa za mu bar makarantarta. Ƙafata ta ƙi taka birki. Amma kuma tsoron karya dokar gudu bai sake ni ba, saboda haka duk allon da ya ce a rage gudu sai in rage. Ban jin an taɓa yin ɓarawon da ya tsere bisa ƙa'idar titi kamar ni. Mai babur yana bayana kamar ɗan rakiya, tunkiya tana kuka a but, gumi yana keto min cikin sanyin nan, Baba yana jan carbi.

Garin fa yana da kyau, in gaya muku gaskiya, ko da yake daga baya na lura. Gadar dutse a kan wani kogi mai garai-garai, hasumiyar agogo a tsakiya, rumfuna jere ana sayar da cuku da zuma da bargunan ulu, da wata 'yar waina mai zabibi da suke toyawa a kan tanda. A lokacin kuwa abu ɗaya na gani: an rufe babban titi saboda kasuwa. Dole na karkata, na tsinci kaina a ƙofar kara, motar dabbobi a gaba, motar dabbobi a gefe. Babu gaba babu baya.

Mai babur ya diro, ashe mace ce, dattijuwa mai furfura da takalmin roba har gwiwa. Ta fara da yarensu, da ta ga ba na fahimta ta juya Turanci, kuma ban ji daɗin fahimtar ba. Kafin ka ce me, manoma sun kewaye mu, kowa da hular hana-sallah da sanda. Na fito ina cewa, "Ranki ya daɗe, bari in yi bayani," da Turanci. A daidai nan baiwar Allah ta cikin but ta rangaɗa wani kuka da ya fi na baya duka. Wani tsoho ya tuntsire da dariya. Sauran ba su yi ba.

Sai ga ɗan sanda. Matashi ne, da 'yar wainar nan a hannunsa ya ci rabi. Ya ce in buɗe but. Na buɗe. Tunkiya ta yi tsalle ta dire, karen ya tare ta, aka bar ni da but cike da shaida, har burodin da muka sayo ta cinye gefe guda. Ɗan sandan ya dubi but, ya dubi hannuwana jajur, ya dubi shaddata. Ya cusa sauran wainar a baki, ya kakkaɓe hannu, ya zaro biro da ɗan littafi.

"Yallaɓai, sunanka?"

Daga nan ban san wanda ya karɓi tuƙin jikina ba. Sai kawai na ga hannuna na dama ya tashi da kansa, yatsa a miƙe, ya nufi kujerar gaba inda Baba yake zaune. Na ji wata murya, wai tawa, tana cewa da Turanci, da ƙarfi yadda har masu sayar da cuku za su ji: "Ba ni ba ne! Shi ya ce in ɗauko!"

Sa'adatu ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar an aiko mata da rasuwa. Ni da ko sunan Baba ba na iya faɗa. Ni da nake durƙusawa in gaishe shi ko a waya ne. Na so in ce wa kaina ai ba ya jin Turanci sosai, amma yatsa ba ya buƙatar tafinta. Mafi muni, hannun ya ƙi sauka. Yana nan a miƙe, ina kallonsa, kowa yana kallonsa.

Ƙofar mota ta buɗe. Baba ya fito a hankali, ya gyara babbar rigarsa, ya dogara sandarsa, ya tako har gaban ɗan sandan. Bai ko dubi inda nake ba. Ya buɗe baki da wani tsohon Turanci da ya koya yana saurayi a aikin jirgin ƙasa, kalma ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ni ne. Ni na sa shi."

Inda Turancin ya ƙare masa sai ya yafito Sa'adatu ta yi masa tafinta (ita fa, ba ni ba, ku lura). Ya ce shi mai unguwa ne a ƙasarsu, kuma a can duk wanda ya ga dabba ita kaɗai a hanya ya wuce ta, to ba a ɗaukarsa mutumin kirki. Ya ce an yi masa aikin ido, ja ya gani ya zaci jini ne. Sannan ya juya wajen matar, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce shi ma makiyayi ne, ya san abin da aka yi mata ba ƙarami ba ne, amma wadda aka fi zalunta ita ce uwar da aka baro a kan tsauni tana kuka, kuma yana roƙon a mayar mata da 'yarta tun kafin a gama shari'ar mutane.

Matar ta dube shi. Da ta sake magana muryarta ta sauka. Ta ce tsaunin nan makiyaya ce ta kowa da kowa, haka tumaki ke yawo ba mai tsaro, kowace ta san yankinta domin uwarta ta nuna mata, fentin kuma shi ne shaidar mai ita. Ta ce an sha zuwa da mota ana kwashe musu dabbobi, shi ya sa da ta hango ni daga gona ina kokawa da tunkiyarta ta biyo mu. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa ganin ɓarawon da ke kunna sigina a kowace kwana ba. A nan ne kasuwa ta fashe da dariya, har ɗan sandan. Ya mayar da littafinsa aljihu ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba, ya ce sharaɗinsa guda ne, a mayar da tunkiya inda aka ɗauko ta.

Haka muka koma, matar a gaba a kan babur, mu a baya. Ni na sauke ta da hannuna. Uwar ta gangaro a guje, 'yar ta shige ƙarƙashinta tana kaɗa jela, ko kallon godiya ban samu ba. Daga nan matar ta ce lallai sai Baba ya ga kara. Suka yini suna zagayawa, yana taɓa gadon bayan tumaki yana buɗe musu baki, manoma suna ta kawo masa shayi. Ina biye da su daga nesa riƙe da jakar Sa'adatu, wadda tun da abin ya faru ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na tsira daga littafin ɗan sanda, amma wallahi a lokacin da za a ba ni zaɓi, da na gwammace a rubuta sunan nawa.

Washegari muka kamo hanyar London, motar shiru kamar gidan makoki. Da muka tsaya shan mai Sa'adatu ta shiga shago, na zagayo ta gefen Baba, na buɗe ƙofa na durƙusa a kan siminti. Na ce, "Baba, don girman Allah ka yafe min. Tsoro ne. Ban san lokacin da..."

Ya ce, "Malam, tashi, mutane suna kallo."

Na ƙi tashi. Ya cire tabarau, ya goge idon da aka yi wa aiki, ya ce, "Ni baƙo ne, kwanan nan zan koma. In sun rubuta sunana, sai su biyo ni har ƙofar gidana su same ni. Kai kuwa 'yata da jikata suna bayanka, na san takardar da kake jira. Tun da na ga yaron nan ya zaro biro na kama murfin mota zan fito in ce ni ne." Ya mayar da tabarau. "Da ka yi haƙuri kaɗan. Yatsanka ne kawai ya riga bakina."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na zauna a wurin ina hawaye a gaban masu shan mai, babba da ni. Mutumin da nake ta fafutukar burgewa ashe ya riga ya yanke shawarar tsaya min, ni kuma na yi gaggawar tura shi ramin da yake shirin shiga domina da ƙafarsa.

Takarda dai ta fito. Na buga wa Baba waya na gaya masa, ya ce, "Madalla, Malam," ya miƙa wa surukata Hajiya wayar. Na ɗauka magana ta mutu. Sai da babbar Sallah ta zo, ƙanin Sa'adatu ya turo hoto ta waya: wani jibgegen balami ɗaure a ƙofar gidan Baba, an shafa masa jan fenti a kafaɗar hagu. A ƙasa ya rubuta, "Baba ya ce a nuna wa Sarkin Tsintuwa, wai wannan yana da mai shi." Sarautar da aka naɗa ni ke nan, kuma har yau da ita dangin matata suke gaishe ni, har yara.

Abin da na koya? Dabbar da ka gani a ƙasar mutane, in ba ita ta yi maka sallama ba, wuce abinka. Sannan duk ranar da tsoro ya kama ka a gaban surukinka, kafin ka buɗe baki, fara cusa hannunka a aljihu.